Shawara: Zan sayi babban babur na tafiya mai nisa, Harley ko Honda?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 39, da mata ɗaya da yara uku. Na daɗe ina hawa Boxer zuwa wurin aiki, kuma alhamdu lillahi ban taɓa yin wani hatsarin a-zo-a-gani ba. Tun ina saurayi nake sha'awar manyan baburan nan masu sirdi a ƙasa-ƙasa da ake miƙe ƙafa gaba, waɗanda ake ce wa kuruza. Burina in riƙa zuwa Jos da Yankari, wata rana in hau Mambila, in kuma kai ziyara Damagaram wurin dangin mahaifina. Na tara kuɗi, wani dillali a Legas kuma ya turo min hotunan tokumbo guda biyu: Harley-Davidson Road King na 2010 da Honda Shadow 750 na 2012. Idan na ɗauki Harley kuɗin sun ƙare ƙaf, shi kuwa Shadow zai bar min canji. Abokaina masu manyan babura sun ce in daure in sayi Harley, wai wata shida kawai zan yi in raina Shadow. Ni ba dogo ba ne, ba ni kuma da jiki. Uwargida ta ce ita ba ruwanta, amma na ga ranta bai so ba. Hajiyarmu kuwa ko maganar ba ta son ji. A ba ni shawara don Allah.

Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Ga amsata tun farko, hujja ta biyo baya: kada ka sayi Road King ɗin nan yanzu. A cikin biyun da aka turo maka Shadow ne naka, shi ma sai an duba shi ido da ido. Kuma kafin ko sisi ya tafi Legas akwai maganar Hajiya, za mu zo kanta.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne nauyi. Boxer ɗin da ka saba da shi bai kai kilo 130 ba. Road King ya haura kilo 350 idan an cika masa tanki, wato buhun shinkafa bakwai ke nan a tsakanin cinyoyinka, kafin ka ɗora jaka ko ka goyi wani. A kan miƙaƙƙiyar kwalta, kana kilomita 100 a awa, ba za ka ji wannan nauyi ba, har ma daɗi zai yi maka don iskar tirela ba ta kaɗa shi. Inda zai nuna maka halinsa shi ne wurin tafiyar hawainiya: shiga gidan mai, juyawa a ƙuntataccen layi, tsayawa a shingen jami'an tsaro inda yashi ya kwanta a gefen titi, ko ranar da ka faka hancinsa yana kallon gangara ka tashi turo shi baya, ga shi ba giyar baya. Boxer in ya karkata sai ka dire ƙafa ka tare shi. Wannan in ya wuce wani mizani na karkata, sai dai ka janye ƙafarka ka bar shi ya kwanta, in ba haka ba ya kwanta a kanta. Sannan ka tambayi kanka: a dajin da ke tsakanin Pambeguwa da Saminaka, kai kaɗai, wa zai taya ka ɗaga shi? Shadow ɗin ma ba wasa ba ne, yana wajen kilo 250, ninki biyu na abin da ka saba. Amma sirdinsa bai wuce santimita 66 daga ƙasa ba, mutum mai irin tsayinka zai dire ƙafafu biyu daram, kuma idan ka koyi dabarar ba shi baya ka ɗaga da ƙarfin cinya, za ka iya tashe shi kai kaɗai.

Ba raina Harley nake yi ba. Kamfanin yana ƙera babur a Milwaukee ta Amurka tun 1903, kuma Road King don doguwar tafiya aka yi shi: injin mai cc 1,584, giya shida, tanki mai cin lita 22 da ɗoriya, sirdi mai faɗi. Sai dai hanyoyin can aka auna aka yi shi, inda kowane babban gari akwai shagon kamfanin. A nan fa? Injinsa iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, don haka ranar da cunkoso ya riƙe ka a Kawo cikin watan Afrilu, zafin silindar baya a cinyarka zai sauka. Yawancin notinansa da awon inci aka yi su, alhali sifanun da ke akwatin bakanikenmu na milimita ne. Wanda bai sani ba sai ya sa mafi kusa ya murɗa, ya cinye kan notin. Tayarsa ta baya bel ne ke juya ta, ba sarƙa ba. Bel yana daɗewa ƙwarai a kan kwalta mai tsafta, amma tsakuwa ɗaya ta shiga tsakaninsa da haƙoran da yake bi tana iya huda shi, kuma canza shi a irin wannan babur aiki ne na kwance kusan rabin bayan mashin. Ba a sayar da shi a Panteka. Oda za ka yi ka zauna jira, kai da ka riga ka ce kuɗin sun ƙare ƙaf ranar saye. Wannan kalma ta "ƙaf" ma ita kaɗai ta isa ta raba gardama, don babur ɗin tokumbo bai taɓa zuwa ba tare da ya nemi wani abu a watan farko ba.

Shi Shadow injinsa cc 745 ne, ruwa ke sanyaya shi, notinansa na milimita, kuma injin ne da aka san shi da haƙuri. Ka tambayi dillalin wane samfuri ne. In Aero ne ko Phantom, tayar baya da furofela take juyawa a cikin rufaffen bututu kamar ta mota, ba ruwanka da ɗaure sarƙa ko shafa mata mai, ƙurar hunturu ma ba ta isa gare ta. Sai dai a riƙa canza man da ke cikin kan furofelar lokaci-lokaci. Akwai wani samfurin da ake kira RS mai sarƙa da ƙaramin tanki, wannan bai dace da abin da kake nufi ba.

Yanzu ga abin da abokanka ba su faɗa maka ba, kuma ya shafi kuruza kowane iri, har Shadow ɗin da nake nuna maka. Tsakanin cikinsu da ƙasa yawanci santimita 12 zuwa 14 ne kacal. Ka tuna irin tudun rage gudu da mutanen gari ke ginawa da kansu a bakin kasuwa, wani kamar kabari. Kowanne sai ka rage gudu ka hau shi a kaikaice, in ba haka ba ƙasan injin ko salansa ya daki siminti. Shokozoban baya gajeru ne, ba su da wurin lotsawa sosai. Kuma da yake ƙafafunka a gaba suke, ba ka iya miƙewa a kan matakai ka bar gwiwa ta shanye rami kamar yadda kake yi a Boxer ba tare da ka ma sani ba. Duk ramin da ka faɗa, ƙashin bayanka ne zai karɓa. Ga zaman da kansa: ƙirji a buɗe, hannuwa a ware, iska tana dukanka kamar tana tura ka baya, shi ya sa gilashin tare iska a gaba ba ado ba ne ga mai tafiyar awa huɗu. A hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, ko Jos zuwa Bauci, kuruza sarki ne. Amma hawan Mambila daga Mayo Selbe zuwa Maisamari da Nguroje har Gembu, mai kwanoni kamar an naɗe igiya, wani zance ne daban, don babur mai ƙasa-ƙasa tun bai gama kwantawa a kwana ba matakinsa ya fara kartar titi. Za a iya hawa da shi, amma da lallami. Ka lura da Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan a kan babur ya iso Legas a 2022 don yaƙi da cutar shan-inna: Honda CB500X ya hau, babur mai cc 471 kawai, mai tsawon ƙafa, mai tankin lita 17 da ɗoriya. Wanda zai keta Sahara bai nemi ƙaton injin ba, tazara daga ƙasa da tanki ya nema. Idan har Mambila da hanyoyin burji su ne asalin burinka, ka je ka zauna a kan irin wannan kafin ka yanke hukunci, ko da yake sirdinsa yana da tsayi, mai yiwuwa da kan yatsu za ka taɓa ƙasa. In kuwa zuciyarka kuruza take so, kuma na ga alama haka ne, to ka saya da saninka, ka zaɓi hanyoyinka.

Kada kuma ka ɗauka duniya ta ƙare a hotuna biyun da dillali ya turo. Dillali abin da ke hannunsa yake tallatawa. Da zan samu Kawasaki Vulcan S mai birkin ABS, wanda ke hana taya ƙullewa in an matsa birki da ƙarfi, a kan kuɗin da ya yi kusa da na Shadow, shi zan ce ka ɗauka. Injinsa cc 649, nauyinsa bai kai kilo 230 ba, giya shida, tanki lita 14, kuma an yi shi yadda za a iya matso da matakan ƙafa baya ko gaba gwargwadon tsayin mai shi. Tayarsa ta baya mai inci 17 ce, wadda ake samu wurin masu sayar da tayun manyan babura ba tare da wahala ba. Honda Rebel 500 ya fi su duka sauƙin sarrafawa, kilo 190 ne, amma tankinsa lita 11 ne kuma wurin goyonsa abin tausayi ne. Royal Enfield Meteor 350 na Indiya yana da tazarar santimita 17 daga ƙasa da tankin lita 15, ga shi ba ya shan mai, ta wannan fuska ya fi kowa dacewa da titunanmu. Rauninsa ƙarfi: dokin injinsa 20 ne, in ka goyi mutum ka zo wuce tirela biyu a jere, za ka yi addu'ar da ba ka shirya ba. Tsohon Yamaha V-Star 650 kuma mai kafireta ne, wadda kowane bakanike zai iya kwancewa ya wanke in ka sha gurɓataccen mai, amma yawancinsu sun tsufa.

Maganar tanki ba ƙarama ba ce a yankinmu. Shadow yana cin kusan lita 14, yana yin kilomita 20 da ɗoriya a kowace lita, ka ga daga Kaduna zai kai ka Kano, kusan kilomita 230, da ɗan saura. Ka saba da shan mai tun tanki yana rabi, a gidan mai na kirki, don injin mai injekta irin nasa ba ya jure man 'yan bumburutu da aka gauraya, famfon mai ne ke fara mutuwa. Kuma ka cire tunanin ɗaura jarka a baya. Kai shaida ne a 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kadunan taku sun hana sayar da fetur a jarka tare da taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga, Maiduguri kuwa tun 2011 aka hana babur. Baƙo a kan babur da jarkar fetur a baya, a wasu wuraren ba zai ji da daɗi ba a hannun jami'an tsaro. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa daga jiha zuwa jiha, kafin kowace tafiya ka tambayi direbobin tashar da ke bin hanyar kullum. Haka batun Damagaram: tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ka bincika takardun da ake nema a kan iyaka a makon da za ka tashi, ba labarin bara ba.

Tayun Shadow suna da matsala biyu da ya kamata ka sani. Ta baya mai inci 15 ce, ba kowane shago ke da ita ba, don haka ka sayo sabbi tun daga Legas. Sannan yawancin samfurinsa gare-garen waya ne da su, masu tub a ciki. In ƙusa ta shiga, sai an kwance tayar gaba ɗaya, ba kamar marar tub ba da za ka cusa mata faci a tsaye ka ƙara iska ka wuce. Ka riƙa tafiya da tub na gaba da na baya, da sifanun da ke kwance tayar, don mai facin ƙauye yana da hannu amma ba shi da kayan babur ɗinka.

Batun wai za ka raina shi cikin wata shida, to sai me? In ka raina shi ka sayar. Babur ɗin Japan mai matsakaicin injin ba ya kwantai, kuma lokacin ka san abin da kake so da jikinka, ba da bakin abokai ba. Ni dai ban ga titin da ke tsakanin Kaduna da Bauci da zai ba ka damar ƙure Shadow ba, ga shanu, ga ramuka, ga masu shigowa titi ba sa waiwaye. Yawancin masu cewa sun raina babur, ƙarar salansar wani ce ta fi tasu.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je Legas da kanka tare da bakaniken da ya saba da manyan babura, wanda kai ka biya shi ba dillali ba. Da yawa daga baburan da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon kayan da suka yi hatsari. Ku isa da safe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi kafin a tayar, don injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ku duba ƙafafun gaba ko sun lanƙwashe ko suna yoyon mai, ku duba wuyan firam ko akwai sabon walda ko sabon fenti a wuri ɗaya. Ku haska cikin tanki da tocila, babur ɗin da ya yi shekaru a ajiye da mai a ciki yakan yi tsatsa. A sa mita a batir injin yana aiki, ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta yana nan. Agogon tafiyarsa da mil yake ƙirga, sai ka ninka da 1.6. Lambar firam mai harufa da lambobi 17 kuma ta zo daidai da ta takardar kwastam, harafi da harafi. In babu takardar kwastam, ka yi sallama ka tafi komai arharsa.

Canjin da ya rage ba na ado ba ne. Hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin inganci na gaske, ECE na Turai ko DOT na Amurka, ita ce farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo alƙaluman da ke nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Sai rigar babur mai raga-raga da iska ke ratsawa, mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, wadda za ka iya jurewa a zafinmu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Kaftani da silifas a bar su a jaka sai an sauka. A sa wa babur ɗin ƙarfen kariya a gefen injin, don zai faɗi, kowa nasa ya faɗi. Lasisinka ya zama na rukunin A, da lamba da inshora.

Shekarunka a kan Boxer sun koya maka karanta titi, wannan babban jari ne. Amma sun kuma koya maka wani hali da dole ka bari: dogaro da birkin ƙafa da tsoron na hannu. A babban babur, mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, Shadow ɗin ma na bayansa na ganga ne ba faifai ba. Ka samu fili da sassafe, makonni a jere, kana koyon matsa birkin gaba a hankali sannan da ƙarfi, da juyawa a ƙuntataccen wuri kana riƙe da rabin kuloci, idonka a inda za ka ba a ƙasa ba.

Sai Hajiya. Tsoronta ba jahilci ba ne, ta ga abin da babur ya yi wa 'ya'yan mutane, kuma kai uba ne na yara uku. Kada ka saya a ɓoye ka zo mata da shi a matsayin an riga an gama, tafiyar nishaɗi ba ta kai a yi ta da ɓacin ran mahaifiya ba. Ka nemi wani babba da take jin maganarsa, kawunka ko yayanka, ku je tare. Kada ka je da labarin injin, ka je da alƙawuran da za ka iya cikawa: ba tafiyar dare, ba hanyar da ake fama da masu garkuwa da mutane, ba tafiya kai kaɗai, ba tsere da abokai, za ka kira daga kowane zango. Ka kai mata hular da rigar ta taɓa da hannunta. In ta ce a'a, ka ba ta lokaci ka sake komawa, kuɗin ba za su ruɓe ba, babura kuma kullum jirgi yana sauke su. Uwargida kuwa, "ba ruwana" ɗin nan kai ma ka san fassararsa. Ka zauna da ita ka nuna mata cewa kuɗin makarantar yara da na cefane ba su shiga wannan lissafi ba. Kada ka goye ta sai ka yi watanni kana hawa kai kaɗai, kuma ranar da za ta hau, da hularta, a zaune sosai ba a kaikaice ba, hijabi da zani a tattare, don gare-garen waya yana fizgar tufa, salansa kuma tana ƙona ƙafa.

In an yi ciniki, abokai za su ce ka hau shi daga Legas ka shigo Kaduna da shi a yi shagali. Kada ka yarda. Tafiya ce ta sama da kilomita 700 cikin tireloli da tankokin mai, a kan babur ɗin da kai ba ka san shi ba, bakanikenka ma bai gama saninsa ba. Ka sa a ɗaure shi a mota a kawo. Ya iso a yi masa juye, a canza ruwan lagireto da man birki da matatar iska da tayu. Bayan makonnin fili, tafiyarka ta farko ta zama Zariya ranar Asabar da safe, kusan kilomita 80, ka huta ka juyo kafin la'asar. Ka maimaita har sai ka daina jin kafaɗunka sun ƙage, sannan Kano, ka kwana. Jos da Yankari su jira bayan damina, ka kuma kauce wa kwanakin da hazo ya yi kauri.